Kafin ka sake sayen gulob, a auna maka caji

Ɗan'uwa, da na ga tambayarka cewa fitilar bayan 'yar ƙofa biyun nan taka ta mutu sau huɗu cikin wata uku, sai da na yi dariyar takaici. Abin da ya sha mini kai bara ke nan.

Ni mai rewayata, Allah Ya isa kawai. Duk zuwa sai ya ce gulob ɗin ne jabu, in kawo kuɗi ya sa mai kyau. Da ya gaji, ashe sai ya zare fiyus mai lamba 10 ya cusa mai 30, bai gaya mini ba. Ranar da na gane kurena ina dawowa daga Zariya ne da dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ban san bayana duhu ne ƙirin ba. Sai ƙarar birkin tirela na ji a ƙeyata. Na gangara gefen titi ƙafata na rawa, ina ta salati, ga warin ƙonanniyar waya na tashi daga but. Washegari da na je masa, ko kunya babu, wai ai irin motocin nan ba na hanyarmu ba ne. Har yau in na bi ta gaban rumfarsa kau da kai nake yi.

Wani dattijo ne ya ɗora mita a kan batir, mota na kunne, sai ga volt 15.8. Ya ce lafiyayyen caji tsakanin 13.5 ne da 14.5, da zarar ya haura 15 to altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ita ke dafa maka gulob. Regileta, abin da ke daidaita ƙarfin cajin, kawai aka canja.

Amma ka leƙa cikin gilashin fitilar da sassafe. In ka ga raɓa, ruwa na shiga, kuma yaran wankin motar nan masu injin feshi ba sa jin bari, ni yanzu a kansu nake tsayawa. Zaro soket ɗin ma, in ya yi kore-kore a kankare shi, a ɗaure wayar da ke maƙale da jikin mota tamau. Sannan motocinmu a ƙasa suke, shokazoba ga tauri, kowane rami sai ya girgiza zaren gulob. In kuma ka sa babbar salansa, taɓa robar fitilar bayan tafiya ka ji zafinta.

Gefe ɗaya ke mutuwa kullum, ko duka biyun? In ɗaya ne, fara da ruwa da soket.