Amsar Kawu: Kunyar ɗan fari da shirun Rustam

Ɗana, assalamu alaikum.

Saƙonka ya same ni tun ranar Laraba, sai yau na samu zama, don tambayarka ba ta amsawa a tsaye ba ce. Ina ƙara yi muku barka. Allah Ya raya yaro, Ya ba mai jego lafiya.

Ka ce tun ranar suna goggonninka suka sa ku a gaba, kai da maiɗakinka: kada ku kama sunan yaron, kada ka ɗauke shi a gaban manya, tunda ɗan fari ne. Ka ce kuma ka karanta labarin Rustam da Suhrab na mutanen Farisa, inda uba ya ƙi faɗin sunansa har ya kashe ɗan cikinsa bai sani ba, shi ne kake tambaya ko ba irin wannan al'ada ta ɓoye suna ce ake son cusa maka ba. Da farko dariya na yi. Da na kwanta sai tambayar ta hana ni barci, na tashi na lalubo tsohon littafina.

Labarin yana cikin Shahnama, wato Littafin Sarakuna, na Firdausi mutumin Ɗus a ƙasar Khurasan. Ya shafe fiye da shekara 30 yana tsara shi, ya kammala a 1010, baiti wajen 50,000. Ni a fassarar Larabci ta Bundari na fara gamuwa da shi, wadda aka buga a Alƙahira a 1932. Akwai kuma waƙar da Baturen nan Matthew Arnold ya yi a 1853 a kan labarin, inda uwar yaron ta aika wa Rustam cewa mace ta haifa. In ita ka karanta, to an yi wa Rustam rangwame. A wurin Firdausi, Rustam ya san namiji aka haifa masa. Ka riƙe wannan, don a kansa duk maganata za ta hau.

Rustam ya je farauta, aka sace masa dokinsa Rakhsh, ya bi sawu har garin Samangan. 'Yar sarkin garin, Tahmina, ita ta zo masa da kanta cikin dare ta ce shi take so. Aka ɗaura aure, ya kwana, da gari ya waye ya ciro wani dutsen ado daga damtsensa, kamar dai kambun da mutanenmu ke ɗaurawa, ya ce in mace ce a sa mata a gashi, in namiji ne a ɗaura masa a damtse. Ya hau dokinsa ya tafi, bai sake waiwayowa ba. Wasiƙa da duwatsun yaƙutu da zinariya ya aika daga baya. Uba ne na aike, irin waɗanda ka sani, kuɗin makaranta ba ya yankewa amma yaro bai san ƙanshin rigar ubansa ba.

Da labari ya zo Iran cewa wani yaro ya taso da runduna daga Turan, ƙasar abokan gabansu, ba mai iya tare shi, Rustam da bakinsa ya ce wa manzon sarki yana da ɗa a Samangan, amma ai ƙarami ne, bakinsa na warin nono. Ka ji fa. Tunanin ya zo masa, shi ya kore shi. A ransa yaron ya tsaya cak a shekarun da ya ga dama ya ajiye shi, domin in ya yarda ɗansa ya isa riƙe takobi, to ya yarda shi kuma ya tsufa.

A filin daga, Suhrab ya dube shi ya ce, ina jin kai ne Rustam. Tsohon ya ce a'a, Rustam babban barde ne, ni ƙaramin mutum ne, ba ni da karaga ba ni da kambun sarauta. Me ya sa? Mu da muka taso muna kallon dambe da kokawa mun san namiji kirari yake yi kafin a gwabza, ya faɗi sunansa da na ubansa da waɗanda ya kayar. Shi ma Rustam ba baƙon kirari ba ne, in ka bi sauran littafin za ka ji shi yana lissafa aljannun da ya kashe a Mazandaran. Ranar nan bakinsa ya mutu. Abin da na fahimta shi ne ya ga ƙirjin yaron da damatsansa, gabansa ya faɗi. In an kayar da wani bawan Allah marar suna, Iran na da sauran Rustam da za a riƙa tsorata abokan gaba da shi. In aka kayar da Rustam, shi ke nan, an gama da ƙasar, an gama da sunan da ya yi rayuwarsa yana ginawa. Sunan ya fi masa komai, har ya gwammace ya ajiye shi a gida ya fito fage ba shi. Hausawa suka ce tsoro na daji, kunya na gida. Abin da ya kama bakin Rustam na dajin ne.

Ga inda na fi son ka tsaya, tunda maganar al'ada ka kawo. Rana ta biyu Suhrab ya fito yana murmushi, yana tambayar tsohon yadda ya kwana, yana cewa mu ajiye makamai mu zauna, zuciyata na jin ƙaunarka. Rustam ya ce ba hira ta kawo shi ba. Suka kama kokawa, yaro ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ya hau ƙirjinsa ya zare wuƙa. Sai Rustam ya ce, tsaya, mu a al'adarmu ba a kashe barde a kaye na farko, sai an kayar da shi sau biyu. Yaron ya ɗaga shi, ya ma tafi bin barewa abinsa kamar ba a yi komai ba. Da aka sake karawa Rustam ya yi kaye, ko numfashi bai bari yaron ya ja ba, ya farke masa ƙirji. Ina al'adar ta tafi? Babu ita tun asali. Tsoho ne ya ji wuƙa a wuya, ya san yaro mai tarbiyya ba ya musu in babba ya ce haka muka gada. Duk littafin ban ga wurin da ya fi wannan ciwo ba, don ladabin yaron aka yi amfani da shi aka yanka shi. Saboda haka in an ce maka al'ada ce, ba rashin kunya ba ne ka duba ka ga wa take karewa, kuma shi mai faɗar yana bin ta in ta juyo kansa.

Kada kuma ka wanke Suhrab tas. Yaro ne da tun yana shekara 10 ba mai iya karawa da shi, ya taso da labarin uba ba uban ba. Ya tashi neman mahaifinsa, amma da runduna ya tafi, da niyyar tumɓuke Sarki Kawus na Iran ya ɗora Rustam a karaga, sa'annan su juyo kan Sarki Afrasiyab na Turan. Bai iya zuwa hannu rabbana ya ce ga ni, ni ne ɗanka. Sai ya zo da kyautar da za ta sa a ce lallai ya isa ɗa. Kuma kambun nan yana damtsensa, ƙarƙashin sulke. Sau nawa ya tambayi tsohon sunansa, amma shi bai taɓa cewa ni ɗan Tahmina ne ba sai da wuƙa ta shige shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: girman kan uban ne a jikin ɗan.

Sauran mutanen kowa da nasa shirun. Tahmina ta ce wa ɗanta ya ɓoye asalinsa, don tsoron Afrasiyab, da kuma tsoron kada uban ya ji ya girma ya raba ta da shi. Afrasiyab ya haɗa shi da mayaƙa 12,000, ya ja kunnen jarumansa Human da Barman kada su bari uba da ɗa su gane juna. Hujir, ɗan Iran da Suhrab ya kama, da aka nuna masa koren tantin Rustam mai tutar maciji aka ce na wane ne, sai ya ce na wani basarake ne daga Sin, wai yana kare Rustam. A wasu ruwayoyin ma Tahmina ta haɗa yaron da ɗan'uwanta don ya nuna masa ubansa, Rustam ya laɓaɓo sansanin da dare ya kashe kawun da naushi guda. Ka ga ranar kawu ke nan, ka daina yi mini rowar kira. Na ƙarshensu Sarki Kawus, yana da maganin da zai iya tashin yaron, Rustam ya aika barde Gudarz roƙo, sarkin ya hana, don yana tsoron in uba da ɗa suka haɗa kai karagarsa ba ta da sauran daraja.

Firdausi kansa bai ɗora laifin a kan wata al'ada ba. Ya ce dabba ta san ɗanta, kifi a ruwa da jakin dawa a fili, amma mutum saboda haɗama ba ya bambanta ɗansa da maƙiyinsa. Kuma mutumin ya san zafin abin, don a wani wuri cikin littafin ya dakatar da labarin sarakuna ya yi kukan ɗansa da ya rasu yana da shekara 37, shi yana 65.

To, mu dawo gida. Kunyar ɗan fari ba ta ɓoye wa kowa asali. An tara jama'a ranar bakwai, an yanka rago, an raɗa suna, maroƙi ya shelanta, gari duk ya san ɗan wane ne. Bakin iyaye kawai ake kamewa, a sakaya sunan, a ce Yaro ko Babangida ko wani laƙabi. Yadda na fahimce ta, kara ce ga manya: ku yara ne jiya-jiya, kada ku riƙa rawar kai da haihuwa a gaban waɗanda suka haife ku. Kuma tana sakar wa kakanni da goggonni fili su ja yaron a jiki, ya zama ɗan dangi. Ba farilla ba ce, ba kuma sunna ba. Manzon Allah (SAW) yana sumbatar jikansa Hasan a gaban mutane, da wani ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ai ka san amsar da ya samu.

Kai ma ɗan fari ne. Yaya, mahaifiyarka, ban taɓa jin sunanka a bakinta ba har yau. Amma shekarar da ka yi ƙyanda ina gidan. Da rana tana tsakar gida tana tankaɗe, Inna ce ke riƙe da kai, in an ce jikin yaro ya yi zafi sai ta ce Allah Ya sawwaƙe, kamar ɗan maƙwabta ake magana. Cikin dare na fito kama ruwa, na hango ta ta labule da 'yar fitilar ƙwai, ta ɗora ka a cinya tana shafa maka ruwa a goshi, tana kuka ba sauti. Da ta ji motsina ta yi wuf ta ajiye ka. Wannan ita ce kunyar, kuma ba na jin ka taɓa shakkar wace ce uwarka.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, tambayarka ta taɓa ni a inda ban zata ba. Ni na riƙe tawa kunyar har ta wuce inda aka ce a tsaya. Babban yayanku, ban ɗauke shi a gaban mutane ba, ban kuma ɗauke shi a bayansu ba. Na biya makaranta, na ɗinka kayan salla, na ɗauka shi ke nan. Ranar da zai tafi karatu na raka shi tasha, mota na lodi, ya tsaya a gabana yana jiran in ce wani abu. Akwai magana cike da bakina. Abin da ya fito shi ne, ka riƙe kuɗinka da kyau, akwai 'yan sane. Yau shekararsa 41, in ya kira waya gaisuwa ce da tambayar jiki, minti biyu mun gama, sai ya ce a ba shi Hajiya, in ji su suna ta dariya har katinsa ya ƙare.

Saboda haka ga shawarata. A gaban goggonninka ka yi musu kara, ba abin da zai ragu a jikinka don ka ce Yaro maimakon sunansa, su ma haka aka yi musu. In kun shiga ɗaki kuwa, ɗauki abinka, kira shi da sunan da ka raɗa masa, ya san muryarka da ƙanshin rigarka. In ya yi wayo ka riƙa tafiya da shi masallaci da kasuwa.

Littafin yana nan, bangonsa ya ɗaye amma ganyen duk suna ciki. In za ku zo bayan arba'in ka tuna mini in ba ka, akwai labarin Siyawash da na Isfandiyar, su ma iyayensu maza ne suka ja musu. Ka gaishe da mai jego, ka ce mata Hajiya ta sa an daka mata yaji, tana neman wanda zai taho da shi.

Kawunka.