Me Ya Kashe Gidajen Gem a Amurka?

Tambaya: Ina da shagon gem mai PlayStation huɗu a unguwarmu. Na ji an ce irin waɗannan wurare sun durƙushe a Amurka tuntuni. Me ya jawo, kuma mu ma hanyar muka kama?

Amsa: Malam, nasu ya ɗan bambanta da naka. Manyan akwatuna ne a tsaye, kowanne da wasa guda, sai ka jefa kwabon senti 25 ya kunna. Wasannin Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980 su suka cika wuraren maƙil. Abin da ake saya a lokacin shi ne ƙarfin na'ura, domin ta gida ba ta ko kama ƙafar ta shago wajen hoto da sauti.

Wannan tazarar ce ta rufe. Na'urar gem ta Nintendo ta shiga gidajen Amurka a 1985, wasan faɗa na Street Fighter II ya ɗan farfaɗo da kasuwar shagunan a 1991, sannan PlayStation ya fito a Japan a 1994. A nan gizo ke saƙa: allon cikin akwati da kamfanin Namco ya ɗora wasan Tekken a kai, daga kayan cikin PlayStation aka gina shi. Kamfanin Sega ma haka ya yi, allonsa na NAOMI ɗan uwan Dreamcast ne, na'urarsa ta gida. Yaro ya ga abin da yake zuba wa kwabo yana zaune a falonsu, ba iyaka, ba layi.

Lissafin mai shago sai ya dagule. Akwati ɗaya dubban daloli ne, ga haya, ga wuta, farashin wasa kuwa ya daɗe maƙale a kwabo ɗaya ko biyu. Da aka fara karawa ta intanet, har neman abokin hamayya ya daina fitar da mutum daga gida. Waɗanda suka tsira su ne masu abin da ba ya shiga ɗaki: dandalin rawa irin Dance Dance Revolution, kujerar tseren mota, da masu haɗawa da abinci. Ko a Japan, inda abin ya fi daɗewa, Sega ya sayar da ragowar hannun jarinsa na gidajen wasan a 2022.

Kai kuwa wuta kake sayarwa, da na'urar da yawancin gidaje ba za su iya saya ba, da ihun 'yan kallo idan an zura ƙwallo. Kishiyarka waya ce, inda eFootball da Free Fire suke kyauta in ban da data.

Saboda haka ka lissafa man janareta na awa ɗaya, ka raba shi da yawan wasannin da na'urori huɗun suke bugawa a awar. Idan kuɗin wasa bai zarce wannan sosai ba, kana yi wa gidan mai aiki ne. Ka ajiye fad biyu na ko-ta-kwana, don sandar juyawa ce ke fara lalacewa, ɗan wasa ya riƙa tafiya shi kaɗai. Lokacin hunturu a riƙa busa ƙurar fanka, in ba haka ba na'urar ta yi zafi ta mutu ana tsakiyar wasa.