Shekara biyu a Saudiyya ka dawo da jari? Duba takardarka tukuna

Ɗan'uwa, ka ce kana son zuwa Saudiyya ka yi shekara biyu ka tara jari, kuma ejan ya ce ka shiga da bizar Umara, in ka sauka a nema maka aiki. Kar ka yarda. Bizar Umara ba ta halatta aiki, ranar da wa'adinta ya ƙare ka zama takari, wato mai zama ba bisa doka ba. In aka kama ka, tarhil ne: a tsare ka a Shumaisi, wurin tsare waɗanda za a kora da ke kusa da Jidda, a ɗauki zanen yatsunka, a maido ka gida, a rufe maka ƙofar komawa aiki.

Yawancin masu tafiya shekara biyun nan suke cewa. Abin da ke mayar da ita goma shi ne bashin tafiya da kuma kafili, wato mutum ko kamfanin da ya ɗauke ka aiki ya tsaya maka. Wanda ya sayar da gona ya biya ejan, shekarar farko bashi yake biya, ta biyu gida ta cinye, sai kunyar dawowa hannu rabbana ta riƙe shi. Ita kuwa igama, wato takardar izinin zama, a wuyan kafili take. In ka bar shi ba izini ya rubuta maka hurub, wato ka gudu, shi ke nan takardarka ta mutu. Abin da ake kira biza hurra ma babu shi a doka. Kafili ne ke karɓar kuɗinka ya sake ka kana aiki wurin wani, kuma laifi ne a kanku duka.

Gyaran dokar Maris 2021 ya ba ma'aikacin kamfani damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai da yardar kafili ba, amma bai haɗa da 'yan aikin gida, direban gida da makiyaya ba, alhali mutanenmu da yawa nan suke aiki. Don haka kafin ka biya ko sisi, ka ga sana'ar da aka rubuta a bizar. Kwantiragin kamfani ana ganinsa a shafin intanet na gwamnatin Saudiyya mai suna Qiwa, na aikin gida kuma ta shafin Musaned yake bi. Fasfonka ya zauna a hannunka, doka ta hana kafili riƙe shi.

Kuɗin sallama a kamfani rabin albashin wata ne kan kowace shekara a biyar ɗin farko, amma wanda ya ajiye aiki da kansa kafin cika shekara biyu ba ya samun komai.

In kuma a ranka zama na dindindin kake so, Saudiyya ba ta wannan ba ce. Haihuwar yaro a can ba ta ba shi zama ɗan ƙasa, kuma kowane mutum cikin iyalin da ka ɗauko za ka biya masa riyal 400 duk wata. Ka lissafa wannan da albashin da aka yi maka alkawari kafin ka ce wa uwargida ta shirya kaya.