Lambun Bayan Gida Don Ciyar Da Mabuƙata: Me Zan Shuka Bana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Mabera, cikin garin Sakkwato. Mu matan unguwa mun buɗe ɗan rumbun tallafi, muna tara hatsi da kayan miya, duk Juma'a a raba wa marayu da zawarawa da 'yan gudun hijira daga gabashin jihar. Ina da fili a bayan gida da rijiyar burtsatse. Bara na shuka tumatir da salak, suka zo min lokaci guda, rabi ya ruɓe kafin ranar rabo. Bana me zan shuka?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya karɓa, ya saka da alheri.

Hannunki bai da laifi, tunda har lambun ya yi. Kin dai zaɓi kayan da ba su iya jira. Bankin abinci, wato rumbun tallafi irin na Amurka, wanda aka fara a birnin Finiks a 1967, yau da manyan ɗakunan sanyi yake aiki. Ku kuwa ɗaki ne da buhuna, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Ita ma matar da za ki miƙa wa ba ta da firji, wataƙila ko icen girki sai ta yi dabara. Don haka kafin ki sayi iri, ki zauna da biyar ko shida daga cikinsu ki ji miyar da suke kaɗawa. Na tabbata ba za ki ji an ambaci salak ba.

Da ni ne, rabin filin ganye zan ba. Alayyafo yana isa yanka cikin mako 3 zuwa 4, in kuma kin yanka kin bar gindi zai sake tohowa. Ki haɗa da sure, wato yakuwa, da rama da lalo. Abin da zai raba ki da asarar bara shi ne ki daina shuka komai rana ɗaya. Ki yanka wurin fangali huɗu, kowane mako ki watsa iri a guda. Kafin ki gama da na huɗu, na farko ya isa, kin ga kowace Juma'a akwai abin ɗauka. Yankan kuma da asubar ranar rabo, ba daren Alhamis ba. A yayyafa masa ruwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, kada a ɗaure a leda, don gumi zai dafa shi.

Sai guro, kuɓewa a bakin Kanawa. Yana son zafi, yana fara 'ya'ya wajen wata biyu, amma sai ana tsinka duk bayan kwana biyu, in ba haka ba ya ƙosa. Wanda kika tsinka Litinin ba zai kai Juma'a da kyansa ba, ki yayyanka ki shanya. Busasshen guro da kauɗar tumatir sun fi yi wa mai ƙaramin ƙarfi amfani, don ita ke zaɓar ranar da za ta dafa. Ki jera zogale a jikin katanga, ganyensa kuwa a inuwa ake busar da shi. Kabewa biyu ko uku a kusurwa, in ba ta ji ciwo ba tana watanni a ajiye.

Tumatir ban ce ki bari ba, amma lokacinsa hunturu ne. Ki yi dashe a Nuwamba, domin da zafin bazara ya kama, fure zai riƙa zubewa ba ɗa. Ki tsinka yana ɗan ja-ja, ya ƙarasa nuna a hanya. Albasa kam ba zan ɓata mata fili ba. Muna garin da fadamun Kwalkwalawa da Wurno da Goronyo ke cika kasuwar Ramin Kura da ita, lokacin kaka ku haɗa kuɗi ku sayi buhu ya fi sauƙi.

Kashin dabba ɗanye kada ya shiga fangalin ganye, sai wanda ya ruɓe sosai. In kin yi feshin maganin ƙwari, akwai kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar, ki cika su kafin ki yanka. Wanda ya karɓi sadaka kunya ba za ta bari ya tambaye ki ba.

Don abin da ya kwana, ku nemi tukwanen ƙasa biyu, ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a sa kayan cikin ƙaramar don su yi sanyi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, shi ya yaɗa dabarar a shekarun 1990. Busasshiyar iskarmu ta rani tana yi mata daidai, da damina ne ƙarfinta ke raguwa.

Wannan makon ki fara da ƙirga gidajen da ke karɓa. In sun fi ƙarfin fangali huɗu, ki raba wa maƙwabta iri, kowa ta ɗauki mako guda.