Amsa ga ɗiyata kan awarwaron amarya

Assalamu alaikum ɗiyata. Saƙonki ya iso, ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Kin ce kina son ki yi wa autarku awarwaro da hannunki saboda bikinta, sai wasu suka ce miki amarya ba ta sa na hannu, sai wanda ya zo cikin lefe. Kina tambaya ko haka al'ada ta ce, in kuma ba haka ba ne, yaya za ki yi shi.

Waɗanda suka faɗa miki haka sun cakuɗa abu biyu. Lefe na dangin ango ne, su ke da alhakin abin da ke cikinsa. Abin da 'yar uwa ta ba amarya kuwa gudummawa ce, ba mai bin diddigin inda ta fito. Wanda iyayenmu suka sa ma, wane inji ya yi shi? Maƙeran fari ke ƙera na azurfa da na tagulla, ƙarau kuma daga Bida ake kawo shi, inda masu aikin gilashi na Masaga ke narka kwalba su murɗa shi. Kunne ɗaya zan ja miki: kada ki zuba naki cikin akwatin lefe don ya ƙara auki, mata masu duba kaya ba abin da ke ɓace musu. Ki miƙa mata hannu da hannu, ta sa bayan lalle ya kama an wanke. Ki yi su daidai a hannu biyu, uku dama uku hagu. Ba doka ba ce, ido ne ya saba da haka.

Abin da ke jawo magana a gidan biki shi ne awarwaron da ya ƙi wuce hannu, ko wanda ya tsinke zaren mayafi. Duka biyun daga awo suke da bakin waya, don haka a nan zan daɗe.

Waya iri biyu za ki nema. Mai kauri ita ce ƙashin awarwaron: jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2. Wayar wutar gida ta 2.5 mai sanda ɗaya, in aka fere robarta, ta yi daidai. Amma ki kankare bakinta da wuƙa tun a shago. In fari ya fito daga ciki, alminiyam ce aka shafa wa ja, za ta lanƙwashe da zarar an dafa ƙasa. Siririyar ita ce ta ɗauri, wajen milimita 0.4. Ki tambayi masu gyaran fanka ko injin ban ruwa wayar koyil. Tana da wani shafi a jikinta da ke hana ta saurin dusashewa. Sai filaya, da magagari ƙarami, da guntun katako na bugu. Duk wannan akwai shi a kasuwar Birnin Kebbi, balle Jega.

Ba wuyan hannu ake aunawa ba, nan ne mutane ke kuskure. Amaryar ta haɗa babban yatsa da ƙaramin kamar za ta zura awarwaro, ki zagaya zare a wurin da ya fi faɗi, kan gaɓoɓin yatsu, ki ɗora zaren kan tef ɗin tela. Yawancin mata tsakanin santimita 19 da 21 suke. A ce kin samu 20. Ki ƙara ɗaya, saboda kaurin waya da ɗauri suna cin fili daga ciki, ya zama 21. Za ki zagaya sau biyu, 42 ke nan, ki ƙara 2 na inda bakunan biyu za su hau juna, ki yanke 44.

Zagaye biyun yana da dalili. Ramin yawancin duwatsun ado bai wuce milimita ɗaya ba, waya mai kauri ba za ta shiga ba, in kika tilasta dutsen ya fashe. Don haka ba zura su za ki yi ba, ɗora su za ki yi a bayan awarwaron. Waya ɗaya tilo santsi gare ta, dutse zai riƙa juyawa yana komawa ciki yana gugar fata. Biyu gefe da gefe kuwa suna barin kwari a tsakaninsu, nan dutsen zai zauna ya tsaya cak.

In wayar ta yi tauri, ki sa ta a garwashi har ta fara ja kaɗan, ki ɗauko da filaya ki tsoma a ruwa. Za ta yi laushi, ta kuma yi baƙi. Ki jiƙa ta a ruwan tsamiya da ɗan gishiri, ki cuɗa da toka, ki ɗauraye. Ki goge bakunan biyu da magagari tun yanzu har su yi sumul, bayan ɗauri ba za ki kai gare su ba. Sannan ki naɗe ta a jikin kwalba ko tabarya. Abin naɗin ya ɗan kasa girman da kike so, don da kin saki za ta buɗe. Tana jikinsa ki bi ta da bugu a hankali da katakon, zagaye biyu ko uku. Bugun ne ke maido mata da ƙarfi. Kada ki yi da gudumar ƙarfe, za ta baje wayar ta ƙara faɗin awarwaron. Ki kai wa amaryar ta gwada shi tsirara kafin ki ɗora dutse ko ɗaya. Ya shiga da ɗan matsi, kada ya fita in ta girgiza hannu.

Siririyar waya wajen mita ɗaya da rabi kowane awarwaro zai ci, amma kada ki yi aiki da ita duka lokaci guda. Ki raba biyu. Doguwar waya ƙullewa take yi, kuma duk inda ta ƙulle kika ja, nan za ta tsinke daga baya. In kin ga ƙulli na tahowa ki warware shi da yatsa. Ki fara daga mahaɗar bakin, ki naɗe ta ruf, naɗi kusa da naɗi, har bakunan biyu su ɓace. Daga nan ki zura dutse ɗaya a siririyar wayar, ki danne shi cikin kwarin da babban yatsa, ki naɗa sau uku, ki ƙara wani. Da duwatsu masu milimita 6 za ki ci tsakanin 27 da 30, ki sayi fiye da haka don wasu za su fashe. Jan ya zama daidai: in ya yi sako-sako dutse na rawa, in ya yi tsanani bakin ramin gilashi na yanke waya. Kowace jela, ta farko da ta ƙarshe da ta inda kika ƙara waya, ki yanke ta ta waje tsakanin duwatsu, ki danne da filaya. Kada jela ta ƙare ta ciki. In kin gama ki ja tsohon mayafi mai santsi ta cikinsa da bayansa. Duk inda ya maƙale akwai sauran aiki.

Duwatsu kuma, ki ɗauki na gilashi. Ki ɗora a kumatu za ki ji sanyi, na roba ba shi da wannan. Ki jiƙa biyu a ruwan sabulu su kwana. In ruwan ya canza launi, fenti ne, zai zuba tun kafin a yi buɗar kai. In mahaifiyarku ta ba ki murjani na gaske, ki sa shi jefi-jefi, kuma daga ranar kada tsamiya ko lemun tsami su taɓa awarwaron, tsami cin murjani yake. Turaren fesawa ma a fesa kafin a sa.

Zafin bazarar Kebbi kin san shi: jan ƙarfe in ya haɗu da gumi yana barin kore a fata. Ba cuta ba ce, sabulu na wanke shi, kuma in kin shafa jan farce marar launi a cikin awarwaron zai rage. Wanda ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje yawanci farin shafin nikel ne na kayan araha.

Na san in hannunki ya faɗa za ki so yi wa jariran gida. Kada ki yi musu na waya. Abin da aka saba ɗaura wa jariri zare ne da 'yan duwatsu, tsofaffi na kallon yadda yake matsewa su san yaro na ƙiba, in ya matse a tsinke. Waya ba ta tsinkewa, hannu na girma tana nan. Kuma yaro komai baki yake kai shi, dutse na iya maƙale masa. Haka duk wani ɗan ƙarfen ado mai nauyi da laushi da ke barin baƙin layi a takarda, ki nisanta shi, dalma ce. Kin tuna yaran da gubar dalma ta kashe a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ɗaruruwa. Can daga niƙan dutsen zinari ta fito, amma gubar ɗaya ce.

In kina rabon ragowar ga dangi, ki tsallake wadda ke takaba, ki ajiye mata nata sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Ki gaida mahaifiyarku.