Ga mai tsoron komawa wurin likitan haƙori tun bayan kulle

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce tun kullen korona ba ki sake taka asibitin haƙori ba, yanzu ga wani haƙori yana yi miki ciwo in kin sha ruwan sanyi, amma da kin tuna kujerar likita sai gabanki ya faɗi, shi ne kike tambaya ko za ki iya ƙara jira. Ni ba likita ba ce, amma jiran nan na yi shi, kuma haƙori guda ya ci mini.

A farkon 2020 likita ya ga ɗan kogo a turmina na ƙasa, ya ba ni ranar da zan dawo a cike. Kafin ranar ta zo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, ranar 11 ga Maris. Aka bugo mini waya daga asibitin cewa sai mai larurar gaggawa kawai suke gani. Tsakani da Allah, daɗi na ji. Dama neman hanyar zillewa nake.

Ba laifinsu ba ne. Wurin likitan haƙori ba a zama da takunkumi, baki a buɗe yake, fuskarsa dab da taki. Injin huda haƙori da na wanke shi kuma suna fesa ruwa, ya gauraya da yawu ya tashi kamar hazo, ya daɗe yana yawo a ɗakin. A watan Agustan shekarar ma hukumar ta ba da shawarar a jinkirta duba haƙori na yau da kullum a inda cutar ke yaɗuwa. A Ingila an dakatar da aikin tun daga ƙarshen Maris har zuwa 8 ga Yuni, da aka buɗe kuma akan bar ɗaki fayau har kusan awa guda bayan irin wannan aiki. Layi ya yi tsawo ke nan, masu tsoro irina muka samu mafaka.

Abin da ban sani ba, tsoron ƙaruwa yake da zama. Da allura da ƙarar injin kawai nake gudu. Sai tsoron kamuwa da cuta ya hau kai. Daga baya kunya ta shigo, ina tunanin me zai ce in ya ga yadda na bar bakina. Ita kunyar ce ma ta fi riƙe ni.

Wajen wata na bakwai ciwon ya fara tashina cikin dare, yana bugawa har cikin kunne. Gaba kura baya sayaki. Na yi ta shan maganin rage zafi, kwatsam sai ya yi shiru, na ce alhamdulillahi ya warke. Ashe jijiyar ce ta mutu. Ruɓewar ta ci ɓawon haƙorin, ta wuce ciki, ta kashe abin da ke kawo mini ƙara. Ba a jima ba na tashi da kumatu a kumbure, mugunya ta taru a gindin haƙorin. Wanda da cikewa kawai za a yi, sai da aka cire shi.

Ranar da na je, a waje aka tsayar da ni, aka auna zafin jikina, aka ce ɗan rakiya ba zai shiga ba. Likitan ya zo da takunkumi da gilashin rufe fuska, idanu kawai nake gani, muryarsa kamar daga cikin rijiya. Ni kuwa da fuskarsa nake gane ko abin da sauƙi. Hannuna na rawa na ce masa, likita, wallahi tsoro nake ji. Sai ya ajiye kayan aikin, ya ce in na ɗaga hannun hagu zai tsaya nan take. Sau biyu na ɗaga, sau biyu ya tsaya. Bayan allurar kashe zafi, dannawa kawai na ji. Ya kuma nuna mini yadda haƙorana suka cinye, ya ce ina cizon su cikin barci saboda damuwa, shi ya sa nake tashi da ciwon muƙamuƙi.

Naki da yake ruwan sanyi ne kawai ke tayar da shi, ƙila kogo ne ƙarami, ƙila dasashi ne ya ja baya, hoto ne zai raba gardama. Ki nemi ganin likita don dubawa kawai, ki faɗa musu tun a waya cewa ke mai tsoro ce, ki karɓi lokacin safe don kada ki wuni kina saƙe-saƙe. Kada ki sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da kanki, ba ya toshe kogo. In kuwa kika ga fuska ta kumbura, ko zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya, wannan ba na jiran layi ba ne, ko a tsakiyar kulle ana karɓar irinsa. Allah ya ba ki lafiya.