Ƙamus ko ɗan littafin hadda? Amsoshin masu fama da "phrasal verbs"

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin rubuta JAMB, kuma tambayoyin "phrasal verbs" ne ke kayar da ni kullum. A shagon littattafai an nuna mini wani ɗan siririn littafi mai jerin su daga A zuwa Z da ma'anoninsu, an kuma nuna mini babban ƙamusun Oxford da ya ninka shi tsada. Kuɗin hannuna na guda ɗaya ne. Wanne zan ɗauka? *Ɗaliba daga Gusau*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ɗauki ƙamus, ko da za ki jira ki cika kuɗin.

Abin da ake kira "phrasal verb" aikatau ne da ya ɗauko wata 'yar kalma irin su up, off, out ko after ya maƙala, sai ma'anar ta tashi daga inda kika san ta. Give bayarwa ce, amma give up saduda ce. Wannan bai kamata ya ba Bahaushiya tsoro ba: "ci" ɗaya muke da shi, amma ci gaba daban, cin amana daban, cin bashi daban, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ke ya ba ki jerinsu ki haddace.

Ɗan siririn littafin nan ma'ana kaɗai zai ba ki. To ba a ma'ana aka fi faɗuwa ba, a wurin ajiye karɓau ne, wato abin da aikin ya faɗa wa. 'Yan kalmomin nan kashi biyu ne. Wasu bayanau ne, suna yarda a raba su da aikatau. Za ki iya cewa turn off the light, za ki iya cewa turn the light off, duk daidai ne. Amma da zarar wakilin suna ya shigo, dole ya zauna a tsakiya: turn it off. Wanda ya rubuta "turn off it" ya zubar da maki. Kashi na biyu kuwa irin kalmomin nan ne da ba sa tsayawa sai da suna a gabansu, kuma ba a shiga tsakaninsu da aikatau. Look after the baby, look after her, amma babu "look her after" a Turanci. Abin haushin shi ne kalma ɗaya tana iya yin aikin biyun. On ɗin da ke cikin put it on ta rabu, ta cikin count on him ba ta rabuwa. Da ido kaɗai ba za ki gane ba.

Nan ƙamus yake biyan kuɗinsa. Buɗe Oxford Advanced Learner's Dictionary a wurin turn, ki gangara ƙasan bayanin. Za ki ga an rubuta turn sth ↔ off (sth taƙaicen something ne), da 'yar kibiya mai kai biyu. Kibiyar nan cewa take karɓau na iya zama gaba ko baya. A look after sb (sb taƙaicen somebody ne) babu kibiya, wato kada ki taɓa jerin. Ƙamusun Longman ma da irin wannan alama yake aiki. Ga kuma jimlolin misali, waɗanda su ne za su nuna miki cewa masu kalma uku irin su put up with da run out of a dunƙule suke tafiya, kuma in aikatau zai biyo bayan look forward to sai mai -ing: look forward to seeing you.

Kafin ki miƙa kuɗi, ki duba kwafin da kyau, don jabun bugu ya cika kasuwa. Buɗe tsakiya ki ga ko ƙananan haruffa da kibiyoyin sun fito sarai, ki bi lambobin shafi ko akwai tsallake. In kuɗin ya gagara gaba ɗaya, shafin ƙamusun na intanet kyauta ne. Ki haɗa shi da tambayoyin JAMB na shekarun baya.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina shirin jarrabawar Turanci ta IELTS don aiki a Ingila. An tallata mini aji a WhatsApp wanda za a koya mana ɗaruruwan "phrasal verbs" cikin mako biyu, wai su ne sirrin samun maki mai yawa. In biya? *Daga Kaduna*

'Yar'uwa, riƙe kuɗinki. Jarrabawar baka ta IELTS minti 11 zuwa 14 ce kacal, kuma mai jarrabawar yana sauraron ko kalmar ta zauna a mazauninta ne, ba ƙirga miki yake yi ba. Wadda ta cusa haddarta inda bai dace ba, nan take ake ganewa. A ɓangaren rubutu ma sau da yawa kalma guda ta fi dacewa: postpone maimakon put off, tolerate maimakon put up with.

Sai dai kada ki fahimce ni a baibai, kina bukatarsu ƙwarai, amma don ɗakin marasa lafiya. Tsohuwar da ke kwance a gado da wuya ta ce miki vomit, cewa za ta yi I threw up. Wanda ya suma passed out ya yi, da ya farfaɗo ya came round. Maganin kashe zafi in ya sake shi, it has worn off. Tsohon ciwo in ya tashi, it flared up. Ki buɗe ɗan littafin rubutu ki riƙa tara irin waɗannan da cikakkiyar jimlarsu. In kuma sayayya kike so, English Phrasal Verbs in Use na Cambridge, wanda Michael McCarthy da Felicity O'Dell suka rubuta, ya tsara su bisa batutuwa da kuma 'yan kalmomin da ke maƙale, da atisaye da amsoshi a baya. Mataki biyu ne. Fara da na tsakiya, ko da kina ganin kin wuce shi.

Tambaya: Ɗan'uwana zai aiko wa yarona littafin Turanci daga Amurka. Yaron WAEC zai rubuta. Zai rikita shi? *Wani uba daga Jos*

Malam, a bari ya aiko. Bambancin bai taka kara ya karya ba: Ba'amurke ya fi cewa fill out a form, Baturen Ingila ya fi cewa fill in, kuma dokar raba kalma ɗaya ce a wurinsu duka. Tunda makarantunmu salon Ingila suke bi, yaron ya riƙe shi wajen rubutun haruffa.

Abin da zai fi cin makinsa Turancin da yake ji a unguwa ne. Muna cewa "off the light", alhali off ba aikatau ba ce, sai an sa switch ko turn. Muna cewa "cope up with", alhali cope with ne, babu up. Mai jawabi a taro ya ce zai "round up", yana nufin kammalawa, alhali round off ko wrap up ya kamata. Round up tattaro dabbobi ne ko kame masu laifi. Ka sa shi ya rubuta waɗannan ukun a bangon littafin, duk wanda ya sake ji a bakin mutane yana shakka, ya duba ƙamus ya ƙara a ƙasansu.